Uku ko Huɗu

Shekara talatin da ɗoriya Malama ta yi tana koyar da lissafi a makarantar firamare, kuma a tsawon wannan zamani ba a taɓa jin yaro ya ɗaga hannu a ajinta ta bar shi da tambayarsa ba. Ta fara aiki da baƙin allo da alli, ta ga zuwan farin allo da alƙalaminsa mai warin da ke hawa kai, ta yi ritaya a shekarar da aka fara barin yara su shiga jarrabawa da na'urar lissafi. Abu ɗaya ne bai canja ba, wato ƙa'idar da take faɗa wa kowane sabon aji: lamba ba ta ƙarya, mai faɗin ta ma kada ya yi. Saboda haka ranar da 'yarta ta juyo daga kan sallaya ta jefo mata tambaya, ko ɗar ba ta ji ba.

"Umma, uku na yi ko huɗu?"

"Huɗu," in ji Malama, tana ci gaba da ninke kayan wanki. Ta gani da gefen ido, kuma huɗun ce.

Lokacin ba a daɗe da rasuwar maigidanta ba. 'Yar, wadda kowa ke kira Auta ko da yake ta haura talatin, ma'aikaciya ce a wani babban kantin magani, kuma ita ta riƙa ba mahaifin nata ƙwayoyinsa a jinyar ajali. Bayan an yi jana'iza sai wani tunani ya maƙale mata: anya ba ta ba shi farar ƙwayar sau biyu ba a safiyar ƙarshe? Likitocinsa suka ce ko da ta yi haka ba shi zai kashe shi ba. Tunanin bai tafi ba, ɗaki kawai ya sake. Ya bar kwalbar magani ya tare a kan sallaya.

Tambayar da aka yi sau ɗaya ta zama ta kowace rana, sannan ta kowace salla. Malama ta jawo kujerar roba ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin Auta, ta riƙa zama da carbi tana tura ƙwaya ɗaya a kan kowace raka'a. Daga nan abin ya gangara banɗaki, wurin alwala. Sai ta tsaya a ƙofa tana duban gwiwar hannu da diddige, tana cewa "ya kai", Auta kuwa tana sake wankewa har fatar bayan hannunta ta tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Tankinsu ɗaya da maƙwabcin da ke hawan ƙasa, wani mai gyaran agogo, mutum mai kunya da bai taɓa hawowa ya yi magana ba. In ya ji ruwa ya daɗe yana zuba, sai ya ƙwanƙwasa bututu da ludayi.

Har kantin ma Malama ta bi ta. Kullum da azahar sai ta hau motar haya, ta shiga ta ƙofar baya, ta zauna a ɗakin ajiya tsakanin kwalayen ruwan gishiri da na auduga, ta ƙirga wa 'yarta raka'a huɗu, ta komo. Mai kantin ya yi kawaici iyakar yinsa, daga baya ya ce Auta ta huta a gida har ta sami sauƙi. Tata sallar kuwa, Malama ta saba yin ta a ƙurarren lokaci, a gurguje, bayan ta gama tsaron ta wani.

An yi na gida. An sha zuma, an shafa mai, an yi ruƙiyya. Malami na ƙarshe da suka je wa, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya saurari Auta har ta gama, sannan ya ce, "Baiwar Allah, ba aljani a jikin yarinyar nan. Waswasi ne ya yi ƙarfi har ya zama ciwo, kuma akwai wadda ta fi ni sanin kan sa." Shi ya kwatanta musu asibitin.

Ɗakin da aka tura su yana hawa na sama, a ƙarshen baranda, bayan an wuce sashen haƙori, inda ƙarar na'urar huda ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Akwai darduma, da kujeru da aka jera zobe saboda matan da ke taruwa a nan mako-mako, da kwalin takardar share hawaye, da ƙaramin wurin wanke hannu a lungu, an kifa wani kofin silba a kansa. Matar da ke aiki a ciki ba ta allura, ba ta rubuta magani. Halayyar ɗan Adam ta karanta a jami'a, kafin nan kuma ta yi shekaru a gaban malaman fiƙihu. Duk da haka Likita kowa ke ce mata, ta gaji da gyarawa ta bari.

Makonni ta yi tana ganin Auta ita kaɗai, Malama tana jira a benci. Rannan sai ta leƙo ta ce Malama ta shigo.

"Mama, an ce ke ce mai ƙirga."

"Ni ce," in ji Malama, ta gyara zama. "Kuma ban taɓa kuskure ba."

"Na yarda. Shi ya sa na kira ki."

Likita ta ɗauko kofin silban ta ɗora a tafin hannunta. Ta ce ruwan da ke cika shi kimanin mudun da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake alwala da shi ne, kuma Auta ta yi alwala da shi a wannan lungun har ta tashi ba ta sake ba. Ta ce ciwon ba baƙo ba ne a wurin malamai. Tun ƙarni na biyu na Hijira suka san mutumin da kokwanto ya aura, wanda yake zuwa masa kullum, suka kuma ware masa hukunci dabam da na sauran jama'a: kada ya saurare shi, ya yi gaba abinsa, in ya sallame ya yi sujada biyu, shi ke nan. Abin da masana suka gano daga baya a ɗakunan bincike bai saɓa wa wannan ba.

"Saura abu guda," in ji ta. "Mama, kin taɓa ganin ƙaiƙayin da susa ta warkar?"

Malama ta fahimci inda aka dosa tun kafin a kai, kamar yadda takan hango amsar lissafi daga layin farko.

"Wato ni nake ciyar da ciwon."

"Ciwo Allah ne Ya jarrabe ta da shi, kamar yadda Yake jarrabar wani da hawan jini. Ke kin yi abin da kowace uwa za ta yi. Amma duk amsar da kika ba ta susa ce. Ta ji daɗi na ɗan lokaci, gobe ƙaiƙayin ya dawo ya fi na jiya."

"To in ta tambaye ni, in ce me?"

"Ki ce, Allah Ya karɓa. Kada ki ƙara ko harafi."

"In ta yi kuka fa?"

"Za ta yi."

"In lokacin salla zai fita?"

Likita ta ajiye kofin. Na'urar haƙori ta yi kuka ta yi shiru.

"Wannan tsakaninta ne da Ubangijinta, kuma Ya fi ni da ke tausayinta."

Auta, wadda ke zaune ta ɓoye hannayenta a cikin mayafi, ta ɗago kai. "Umma, ni na yarda. Ko na roƙe ki, ko na haɗa ki da Allah, kada ki faɗa mini. Wadda za ta roƙe ki a lokacin ba ni ba ce."

A ranar Malama ta ɗauke kujerar roba ta kai ɗakin girki, ta rataye carbin a ƙusa. Sai dai kunne ba shi da murfi. Bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma ta haddace sallar 'yarta kamar jadawalin sau: raɗar kabbara, ƙarar gwiwar hagu in za a yi sujada, jan numfashi kafin tahiya. Yatsunta suka riƙa lanƙwashewa da kansu a kan cinyarta. Asuba, da yake biyu ce, takan wuce da sauƙi. Azahar da la'asar kuwa yaƙi ne.

Malama ta kasa a kwanakin farko. Sau ɗaya ta gyaɗa kai, sau ɗaya kuma ta ce "Allah Ya karɓa" da baki alhali ta baza yatsu huɗu a jikin ƙofa. Da Likita ta kira ta a waya sai Malama ta ba ta labari, tana mai kafa hujja da cewa ai ba ta yi magana ba.

"Mama," in ji Likita, ana jin murmushi a muryarta, "yatsu ma baki ne."

Daga nan ta daure. Auta ta yi kuka, ta yi fushi, wata rana ta ce mata, "Da Baba yana raye ba zai yi mini haka ba." Malama ta shanye, ta koma ɗakin girki ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Sauƙin da aka samu ɗan kaɗan ne, irin wanda sai mai lura yake gani: ludayin mai agogo ya rage magana, tsagar hannun Auta ta fara haɗewa. Amma kowace salla sabuwar jarrabawa ce, kuma cin ta jiya ba ya hana faɗuwar yau.

Ana cikin haka yayar Malama ta kawo ziyara. Mai sayar da kayan girki ce a babbar kasuwa, mace mai jiki da murya, wadda tun suna yara ba ta taɓa yarda ƙanwarta ta fi ta sanin wani abu ba, duk da takardun shaidar da ke rataye a bango. Ta iso da la'asar, tana haki saboda matakala, daidai lokacin da Auta ta shiga ɗaki ta tayar da salla karo na uku. Biyun farko ta yanke su tun a raka'ar fari, don ba ta tabbata ta yi niyya ba.

"Wannan benen naku sai ya kashe ni," in ji Yaya, ta zube a kujerar roba, kujerar ta yi ƙara. "Ina 'yata?"

"Tana salla."

"Ke kuma me kike yi a nan? Ba ke ce alƙalin wasan ba?"

"An hana ni, Yaya."

"Wa ya hana ki?"

Malama ta yi mata bayani da ƙaramar murya, rabin hankalinta na bayan bango. Gwiwa ta yi ƙara. Ɗaya.

"Ikon Allah!" Yaya ta tafa hannu. "Wato ku biya kuɗin mota, ku hau bene, don wata yarinya ta koya miki ki yi wa 'yarki rowar magana? Da kin zo wurina ai kyauta zan koya miki, na fi shekara hamsin ina fama ki yi shiru."

"Yaya, rage murya."

"Ita likitar ta haihu kuwa?"

"Ban tambaye ta ba."

"To ki tambaya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ciwon ɗa sai wadda ta yi naƙuda. Kalma ɗaya fa! Huɗu. Ko aku ya iya faɗi. Ke da kika ƙare rayuwarki kina amsa wa 'ya'yan mutane bakwai sau takwas, taki 'yar ce za ki bari tana haɗiyar zuciya?"

"Ba rowa ba ce. Magani ne."

"Magani! In maganin ya fi ciwon zafi fa? Dube ki, duk kin zabge. Da marigayi zai leƙo ya ga gidansa..."

"Kada ki sa shi a ciki."

"Zan sa shi! Shi da ko kyankyaso ba ya so ya gani a wahale."

Malama ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Maganganun da ta daɗe tana dannewa suka ɓalle. Ta ce wa ya taɓa zuwa ya karɓe ta ko na salla ɗaya? Wa ya hau mota da rana tsaka ya zauna cikin kwalaye? In ta mutu gobe, wa zai zauna a kujerar, Yaya ce za ta rufe rumfa ta zo? Yaya ta ce ai ba a gayyace ta ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in ya ƙi faɗa kada ya zargi maƙwabta. Suka yi ta yi, kamar yadda suka saba tun suna kwana a tabarma ɗaya, har sai da wata murya ta ratso ta tsakaninsu.

"Umma."

Auta ce, daga cikin ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba.

Malama ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa. Auta na zaune a kan sallaya, zaman tahiya, ta juyo da fuska kawai. Hasken da ke shigowa ta taga ya riga ya yi ja, ya hau bango har ya kusa rufi.

"Uku na yi ko huɗu?"

"Allah Ya karɓa, Auta."

"Umma, rana za ta faɗi."

"Allah Ya karɓa."

"Na haɗa ki da Allah. Wannan kaɗai. Gobe ba zan tambaya ba, wallahi ba zan tambaya ba. In uku ce ban yi la'asar ba ke nan, kuma kina gani. Umma, kina gani fa."

"Huɗu ce, 'yata!" Yaya ta leƙo ta kan kafaɗar ƙanwarta. "Huɗu cif, har da 'yar riba. Tashi ki gaishe ni."

Auta ko kallon ta ba ta yi ba. "Inna, ke ba ki ƙirga ba. Umma ce ba ta faɗin abin da ba ta gani ba."

Malama ta dubi hannayen da ke kan cinyar 'yarta. Tsagar da ta fara haɗewa ta sake buɗewa a kan babban yatsa, jini ya ɗan tsattsafo. Ta tuna Likita, ta tuna kofin silba, ta tuna "wadda za ta roƙe ki ba ni ba ce". Amma wadda ke gabanta muryar Auta gare ta, da idon mahaifinta. Ta ji duk abin da ta tara na juriya ya zube kamar an fasa tulu. A ranta ta ce, yau kaɗai, gobe a sake sabon lale. Ta buɗe baki za ta faɗi lambar.

Babu lamba.

Ta laluba. Ta tuna ƙarar gwiwa ta farko, kafin Yaya ta tafa hannu. Ɗaya. Bayan nan sai hayaniyarsu. Ta dubi yatsunta, ko sun yi aikinsu ba da saninta ba, sai ta gan su a buɗe, yadda ta baza su tana faɗa.

Yaya ta zungure ta da gwiwar hannu, ta yi raɗa wadda ko na hawan ƙasa zai ji. "Ce huɗu mana. Wa zai sani?"

Da ta faɗa, Auta za ta yarda nan take. Za ta sauke numfashi, ta shafa addu'a, ta tashi ta dafa wa Inna shayi. Kalmar na kan harshen Malama, mara nauyi, kuma wataƙila ma gaskiya ce. Sai dai duk darajar amsarta a wurin yarinyar nan daga abu ɗaya ta samo asali, shi ne wanda Auta ta faɗa yanzu.

"Ban sani ba," in ji Malama.

Auta ta zuba mata ido. "Likita ce ta ce ki ce haka."

"Likita ba ta ce ba. Na so in faɗa miki, Allah Ya gani na so. Ban ƙirga ba, Auta. Muna ta surutu. Ban sani ba."

Ba ta taɓa furta waɗannan kalmomi a gaban mai tambaya ba, kuma ba ta ji wani sauƙi da ta furta su ba. Ta ga fuskar 'yarta ta canja, kamar ta wanda ya jingina da bango ya ji bangon ya matsa. Auta ba ta yi kuka ba. Ta dubi taga, ta dubi sallaya, sannan ta miƙa hannu daga inda take zaune ta tura ƙofar a hankali har ta rufe.

Suka tsaya a baranda su biyu. Can Yaya ta gyara mayafi ta ce, "Ke fa, kin yi taki la'asar ɗin?"

Malama ba ta yi ba.

Ta shiga banɗaki ta naɗe hannun riga. Ta bayan bango ta ji motsi, sannan gwiwar hagu ta yi ƙara. Ko sujada biyun nan ce ta bayan sallama, wadda Likita ta koyar? Ko kuwa Auta ta miƙe ne za ta sake daga farko, karo na huɗu, rana na faɗuwa? Ƙara ta gaba za ta nuna. In ta saurara kaɗan za ta sani, kuma ta ji ɗan yatsanta ya riga ya fara lanƙwashewa.

Sai ta murɗe famfon har ƙarshe. Ruwa ya zubo da ƙarfi cikin bokitin ƙarfe, ya cika banɗakin da ƙara, ya shanye duk abin da ke bayan bango. Ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta wanke fuska, ta daɗe tana wanke fuskar. Bokitin ya cika ya fara tumbatsa, ba ta rufe ba.

Daga ƙasa, mai gyaran agogo ya fara ƙwanƙwasa bututu da ludayi.